Wai awa nawa ne daga nan zuwa Gwanzu? Tikitin nan ya rikita ni

DanKasuwarBarci:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka saba zuwa Chaina ku fitar da ni daga duhu. Ni a Kaduna nake, karon farko kenan zan je Gwanzu (birnin Guangzhou na Chaina) saro kaya da kaina, da can aike nake yi ta hannun maigidana to bana ya ce in je in ga hanya da idona. Jiya ejan ya turo min tikiti, an rubuta tashi daga Abuja ƙarfe 1:30 na rana ranar Talata, sauka Gwanzu ƙarfe 3:30 na rana ranar Laraba. Na ƙirga da yatsu na samu awa 26. Sai na duba na dawowa, wai tashi 12:30 na dare in sauka Abuja 12:30 na rana a ranar, awa 12 kenan. To ya akai tafiya ta ninka dawowa har da ɗori bayan hanya ɗaya ce, duk ta Addis Ababa? Ko dai jirgi mai arha ejan ɗin nan ya sa ni a tafiyar ya soke canjin? Sannan wai kilomita nawa ne tsakaninmu da garin nan?

MaiWaya_Central:
Wa alaikumus salam. Hhhh kwantar da hankalinka ɗan uwa ba wanda ya cuce ka, duk wanda zai fara tafiyar nan sai lissafin nan ya juya masa kai. Lokacin da ke jikin tikiti agogon garin da aka rubuta ne ba na Kaduna ba. Chaina suna gabanmu da awa 7, in ana kiran azahar a masallacin Sultan Bello su can har sun yi isha'i. Cire 7 daga 26 ɗinka saura 19. Na dawowa kuma ƙara 7 a kan 12, 19 ɗin dai. Ka nemi afuwar ejan.

DanKasuwarBarci:
Kai! Wallahi har na kira shi ɗazu ina ta masa faɗa, shi kuma bai iya bayani ba sai cewa yake "haka sistam ya bayar".

MalaminLissafi:
Bari in warware maka shi dalla-dalla yadda za ka iya yi wa wani bayani gobe. Abuja zuwa Addis kusan kilomita 3,500 ne, jirgi na cinye shi a wajen awa 5. Ka tashi 1:30, a agogonmu za ka sauka 6:30 na yamma amma Habasha suna gabanmu da awa 2 don haka allon filin jirginsu 8:30 na dare zai nuna maka. Ka zauna jira awa 4. Sai babbar tafiyar, Addis zuwa Gwanzu, kilomita 8,000 da 'yan kai, awa 10 a sama. Ka ga 5 da 4 da 10, 19 kenan, kuma a ciki 15 ne kawai kake sama.

Maganar nisa kuwa, in za a miƙe daga Kaduna ba a ratse ko'ina ba ya ɗan haura kilomita 11,000. Kewayen duniya gaba ɗaya kilomita 40,000 ne, kenan ka ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya a tafiya ɗaya. Kaduna zuwa Kano bai wuce 230 ba, ka yi ta jera shi har kusan sau hamsin.

HajiyarAtamfa:
Malam lissafinka daidai ne a takarda amma ni da na yi tafiyar nan ya fi sau goma ba haka nake ƙirgawa ba. Ni daga ƙofar gidana a Unguwar Rimi nake fara ƙirga har sai na ajiye haƙarƙarina a gadon otal. Jirgin ƙarfe 1:30 na rana, awa uku kafin lokaci ake so kana fili, to ka ce za ka baro Kaduna da safen ranar? Sai dai in kana son hawan jini. Ni tun ana gobe nake zuwa Rigasa in hau jirgin ƙasa, awa biyu da wani abu in sauka Kubwa in kwana gidan ƙanwata, da safe a kai ni. Can kuma in kun sauka ba wai kun iso ba ne ƙanena, ga layin imigireshan ga ɗaukar hoton yatsu ga jiran akwati, ka fito ka nemi mota zuwa cikin gari. Ban taɓa shiga ɗaki kafin magariba ba. Litinin da rana na bar gida, Laraba da dare nake kwanciya. Ka sa a ranka kwana biyu ne, awa 19 ɗin nan ta masu biro ce.

MalaminLissafi:
Hajiya ai ban musa ba, ni abin da ya tambaya na amsa.

Sarkin_Musu:
Ni fa ban gamsu ba. An ce duniya tana juyawa ne zuwa gabas ko? To in haka ne mai dawowa daga Chaina ai Najeriya ce take tahowa ta tarye shi, dole dawowa ta fi sauri. Shi kuma mai tafiya garin guduwa yake masa yana binsa. Don haka awa 26 da 12 ɗin nan ina ga akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba duka ne bambancin agogo ba.

Injiniya_Kakuri:
Sarkin musu ka zo kenan. To in maganarka haka take me zai hana jirgi ya tashi ya tsaya cak a sama ya jira Amurka ta zo ta ƙarƙashinsa ya sauka, ko mai ba sai an ƙona ba. Iskar da jirgin ke ciki ita ma tare da duniyar take juyawa, da kai da jirgin da iskar duk tafiya ɗaya kuke. Ka taɓa ganin ƙuda a cikin jirgin ƙasan Abuja? Yana yawonsa daga kujera zuwa kujera, ba ya zuwa ya manne a bangon baya don jirgin na gudu.

Abin da ma zai ba ka mamaki, akasin abin da ka faɗa ne ke faruwa. Can sama inda jirage ke bi, wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ta fi tsanani lokacin sanyi. Mai zuwa Chaina tana tura shi ta baya, mai dawowa yana kokawa da ita. Shi ya sa dawowa ta fi tafiya tsawo. @DanKasuwarBarci duba tikitinka, Gwanzu zuwa Addis awa nawa suka sa?

DanKasuwarBarci:
Na duba yallabai. Tashi 12:30 na dare, sauka Addis 6:30 na safe. In na bi darasin Malam na ƙara awa 5 da ke tsakaninsu ya zama 11. Lallai ta fi da awa ɗaya. Jiran Addis ɗin ne ya ragu zuwa awa 3 shi ya sa jimillar ta zo ɗaya.

Sarkin_Musu:
Toh. Zan yi bincike.

AlhajinPanteka:
Tsaya tsaya, yaro na ga ka ce dawowa 12:30 na dare. Wace rana aka rubuta? Ka buɗe idonka da kyau a nan domin nan ne ni na sha ƙasa, kuma ba laifin kowa ba ne nawa ne. Tikitina an rubuta Asabar 00:30, ni kuma a kaina daren Asabar ne, wato in yini kasuwa ranar Asabar in tafi fili da dare. Ranar Juma'a na yi sallah na ci abinci na kwanta abina har da minshari, ashe a lokacin jirgina yake tashi. Asabar da dare na kinkimi jakunkuna huɗu na isa, yarinyar da ke kan kanta ta duba ta sake dubawa ta juyo min da kwamfutar tana nuna min kwanan wata da yatsa, ba ta jin Hausa ba na jin yarensu amma a take na gane. Zufa ta keto min cikin sanyin na'ura. Sai da na biya kuɗin canji na ƙara kwana biyu a otal, ribar injin niƙa guda ta tafi a banza. In an rubuta Asabar 00:30 to daren Juma'a za ka tafi fili, da ka yi isha'i ka kama hanya.

DanKasuwarBarci:
Innalillahi. Baba Alhaji Allah ya saka da alheri, wallahi nawa ma Asabar ɗin ce kuma yadda ka fahimta haka na fahimta.

MaiWaya_Central:
Wannan kam ta ci mutane da yawa. Mu a wajenmu rana tana farawa ne da wayewar gari, su kuwa masu tikiti da ƙarfe 12 na dare ta buga sun shiga gobe.

Dalibin_Samaru:
Tunda ana maganar agogo, in ka sauka Addis ka yi hankali da tambayar mutanen gari lokaci. Habashawa suna da nasu ƙirgen, daga wayewar gari suke farawa, ƙarfe 7 na safe su a wajensu ƙarfe 1 ne. Shekararsu ma wata 13 ce. A cikin filin jirgi dai agogon da kowa ya sani ake bi, allon za ka riƙa kallo.

KawuMando:
Ni abin da ke min ciwo a duk zancen nan shi ne wai sai mun je Abuja ko Kano. Ga filin jirgi nan a bayan gidanmu. Kun manta 2017 da aka rufe filin Abuja na sati shida don gyaran titin saukar jirage, duk aka dawo da harka Kaduna? Kamfanonin Turawa suka ƙi zuwa, Ethiopian ne suka yarda suka sauko da ƙaton jirginsu nan. Na ga abin da idona, hanyar Mando ta cika da motoci, masu tasi suka yi kuɗi, masu otal suka yi kuɗi. A lokacin mutum zai karya a gidansa a Kawo ya yi isha'i a Addis. Da abin ya ɗore da kwanan Kubwa da Hajiya ke faɗa bai taso ba.

HajiyarAtamfa:
Kawu ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Na hau shi daga nan, wallahi har yau ina tuna daɗin tafiyar, direba ya sauke ni ya koma ya ɗauko yara daga makaranta.

Yar_TudunWada:
Ni tambayata daban ce don Allah, ina bin zancen ne saboda mijina ma yana shirin zuwa. Ya ake yi da sallah a irin wannan tafiyar? Agogon wa mutum zai bi, na gida ko na inda za shi?

UstazunBadarawa:
Malama ba na gida ba, ba na inda za shi ba, ranar da ke kansa a inda yake a lokacin ita zai duba. Matafiyi kuma an yi masa sauƙi, yana ƙasaru yana haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i. A irin tikitin ɗan uwanmu magariba da isha'i sai ya yi su a Addis hankali kwance tunda akwai jiran awa 4. Wadda ke kuɓuce wa mutane ita ce asuba. Kun tashi tsakar dare kuna fuskantar inda rana ke fitowa, kuna gudu kuna tarar ta, daren sai ya gajarce. Kana ganin yanzu ka ɗan runtsa, ka ɗaga labulen taga ka ga gari ya waye tas alhali agogon hannunka na cewa da saura. Ya roƙi kujerar taga in zai samu, ya yi alwala kafin ya hau. Sauran bayanin yadda ake yinta a zaune ya zauna da malaminsa kafin tafiya.

AlhajinPanteka:
Ustaz ka manta babbar. Ranar da na fara sauka na shiga ɗaki na tambayi wani yaro ɗan Kano da muke tare ina ne gabas, ya nuna min, na shimfiɗa darduma na kabbara. Ina sallamewa ya ce Baba ai ka ba wa Ka'aba baya. A can alƙibla yamma take! Mu mun saba gabas ita ce alƙibla har kalmar ta zama ɗaya a bakinmu, to ka wuce Makka ka bar ta a baya.

MalaminLissafi:
Wannan maganar ta Alhaji ta tuna min wani abu da nake nuna wa ɗalibai. Ku samu ƙwallon taswirar duniya irin na ofishin hedimasta, ku ɗora zare ɗaya bakin a Abuja ɗaya a Gwanzu ku ja shi ya miƙe. Za ku ga zaren ya bi ta Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya daidai wajen Jidda da Makka, ya wuce ta gefen Doha, sannan Indiya. Wato miƙaƙƙiyar hanyar Chaina daga nan kusan hanyar alhazai ce, sai dai kai ba ka tsaya ba. A shimfiɗaɗɗiyar taswira ta bango layin zai fito a lanƙwashe kamar baka, mutane su ɗauka zagaye jirgi yake, alhali ita ce gajeriyar hanya, takardar ce ba ta iya nuna abu mai zagaye daidai.

Shi ya sa wanda ya bi ta Doha kusan bai ratse ba ko kaɗan, wajen kilomita 5,000 zuwa can sannan 6,200 zuwa Gwanzu. Ta Addis an ɗan ƙara 'yan ɗaruruwa. Ta Istanbul ce ta fi nisa, ta kai 12,000, don sai ka haura arewa sosai kafin ka gangaro.

MaiWaya_Central:
Amma Malam kar mutane su ɗauka gajeriyar hanya ita ce mai saurin isa. Jiran da ke tsakani shi ne komai. Na taɓa sayen tikiti mai arha ta wata ƙasa, ba zan kama suna ba, ina murna na rage kuɗi ban duba da kyau ba ashe jiran awa 14 ne. Na zaga filin nan har masu shara sun gane ni, ruwan roba ɗaya kuɗinsa ya isa ka ci tuwo da nama a Kaduna, abin da na rage a tikiti rabi a nan na cinye shi. Wani sa'in kuma akasin haka, a ba ka jiran awa ɗaya, jirginka na farko ya ɗan makara ka iso ana rufe ƙofa, ko kai ka shiga akwatinka bai shiga ba. Ni a wajena awa 3 zuwa 4 shi ne daidai, irin na mai tambaya.

Sarkin_Musu:
To wai me ya sa ba za a yi jirgi ɗaya tak daga arewa zuwa can ba? Ko man ne ba zai kai ba?

Injiniya_Kakuri:
Mai zai kai har ya yi saura. Jiragen yanzu irin su A350 da Boeing 787 suna gudun wajen kilomita 900 a awa, 11,000 ɗin nan awa 13 zuwa 14 ne. Akwai jirgin da ke tashi daga Singapo zuwa New York ba tsayawa, ya haura kilomita 15,000, sama da awa 18 a sama. Matsalar fasinja ce. Wa zai cika kujera 300 daga Kaduna kaɗai a kai a kai, tafiya da dawowa? Su kuwa masu Addis da Doha da Alƙahira dabararsu ita ce su kwaso na Abuja da na Kano da na Legas da na Akara da na Duwala su tara su wuri ɗaya da dare, sannan su zuba su a babban jirgi guda. Tashar mota ce kawai, kamar yadda motar Kawo ba ta tashi sai ta cika.

Gwaggon_Malali:
Ku yaran zamani kuna kukan awa 19. Kakanmu da ya tafi Makka a ƙasa ya tafi, ta Borno ta Chadi ta Sudan, yana tafiya yana tsayawa ya yi noma ko ɗinki ya samu guzuri ya ƙara gaba, sai da ya shekara bakwai kafin ya dawo, an riga an fitar da rai har an raba wasu kayansa. Wasu ma ba su dawo ba, ga zuriyarsu can a Sudan har yau suna Hausa, akwai gari guda ma Mai Wurno. Yanzu Kano zuwa Jidda awa 5 ba ta cika ba mutum ya sauko yana cewa bayansa.

KawuMando:
Gwaggo ai ko ita Jiddan ta ƙara nisa a 2023. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilu aka rufe samaniyarsu, jiragen alhazanmu sai zagaye suka riƙa yi, aka ƙara awoyi har da rigimar ƙarin kuɗin kujera. A shekarar kuma bayan juyin mulkin Nijar su ma suka rufe tasu na ɗan lokaci, masu zuwa Turai suka ɗanɗana. Don haka zaren da Malam ya ja a kan ƙwallo ba kullum ake barin jirgi ya bi shi ba, sama ma tana da masu ita.

MalaminLissafi:
Gaskiya ne Kawu, zaren ba ya sanin siyasa.

HajiyarAtamfa:
Mu dawo kan yaron nan kar mu bar shi da tarihi. Ƙanena abin da ba wanda ya gaya maka shi ne barci. Awa 7 ɗin nan da aka ce ka cire a takarda, jikinka bai cire ta ba. Ƙarfe 11 na dare a can kowa ya kwanta kai idonka ƙyar don a jikinka la'asar ce, sai wajen asuba barci ya zo, ƙarfe 9 na safe da ya kamata kana kasuwa jikinka yana cewa biyun dare ne. Zuwana na farko a shagon wata mai leshi na yi gyangyaɗi a kan kujera da kalkuleta a hannuna, ta tashe ni tana dariya ta ba ni ruwan zafi. Kada ka yi cinikin kuɗi mai nauyi a ranar farko, kai ba ya ja, za ka sayi abin da za ka zo kana cizon yatsa. Ka yini kana zagayawa kana ganin farashi kawai, ka daure kar ka kwanta da rana. Kwana uku ka warware. Kuma a cikin jirgi ka riƙa tashi kana taka ƙafa kana shan ruwa, awa 10 a zaune ƙafa kumbura take, ni silifas nake sawa don takalmi ba ya shiga in mun sauka.

MaiWaya_Central:
Ƙari a kan na Hajiya. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo. Ka sauke WeChat tun daga nan ka koya wa mutanen gida, don WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a layinsu sai da dabara. Kuma ka gaya wa uwargida lokacin kira, in ta bari sai bayan isha'in Kaduna ta kira ka to ƙarfe ukun dare ta tashe ka. Abinci kuma ka nufi Xiaobei, mu Shawbe muke cewa, nan ne unguwar da baƙaƙe da Larabawa suke, akwai halal ko ta ina.

Dalibin_Samaru:
Wane wata ne tafiyar? In ta faɗo lokacin baje kolin Canton Fair, wato Afrilu zuwa farkon Mayu ko Oktoba zuwa farkon Nuwamba, otal da tikiti duk tashi suke. Satin farko na Oktoba kuma hutun ƙasa suke, sannan lokacin sabuwar shekararsu wajen ƙarshen Janairu ko Fabrairu masana'antu rufewa suke kowa ya tafi garinsu, ka je ka tarar da kasuwa a kulle.

UstazunBadarawa:
In ka samu sarari ka je masallacin Huaisheng, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar gaba ɗaya. Mutanen wurin suna danganta shi da Sa'ad bin Abi Waƙƙas har akwai kabarin da suke cewa nasa ne a garin, duk da dai abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne a kusa da Madina ya rasu aka binne shi a Baƙi'a. Ko ma dai yaya ne Musulunci ya daɗe da isa can ta hanyar fatake na teku, su watanni suke yi a ruwa.

AlhajinPanteka:
Har yau ma ai kayan watanni suke yi Ustaz. Kai ka dawo a awa 19, kwantenarka tana can tana zagaya ƙasan Afirka ta Kudu, sama da wata guda a teku kafin ta ga Legas, sannan a fara zancen fitarwa, sannan tirela ta hau hanya. Tashar tsandauri da aka buɗe a Kakuri a 2018 don wannan wahalar aka yi ta. Yaro in kayan sallah za ka saro ka ƙirga da wata uku, in ba haka ba sai dai kago na jirgin sama, shi kuma da kilo ake biya, ribar ta tafi.

Sarkin_Musu:
Na dawo. Na je na duba, maganar iskar nan haka take. Amma har yanzu ina da ja a kan ƙudan Injiniya, don jirgin ƙasa a rufe yake sama kuwa a buɗe take.

Injiniya_Kakuri:
To ka fita tsakar gida ka yi tsalle ka gani ko za ka sauka a gidan maƙwabcinku na yamma.

Yar_TudunWada:
Hhhhh wayyo cikina. Ni dai na kwashi abin da zan kwasa, na tura wa maigida maganar 00:30 ɗin nan ya ce shi ma bai sani ba.

DanKasuwarBarci:
Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na kira ejan na ba shi haƙuri. Yanzu abin da na tsara, Litinin in bi jirgin ƙasa in kwana Abuja kamar yadda Hajiya ta ce. Sai dai maigidana da na gaya masa ya ce shi ta Kano yake bi duk tafiyarsa, wai ya fi masa sauƙin fitowa da kaya kuma yana da inda yake kwana a Fagge, yana so in sa a canja min. To wanne ya fi, in bar na Abujan ko in canja?

HajiyarAtamfa:
Bar shi yadda yake, canji kuɗi ne.

KawuMando:
A'a Hajiya, ya fara tambaya ko ranar akwai jirgin Kano ɗin da kuma awa nawa zai jira a Addis, in jiran ya zo ɗaya ni Kano zan ce, ko ba komai in ya sauko da jakunkuna mota ɗaya ce har ƙofar shago ba sai ya yi ta dakon su a tashar jirgin ƙasa ta Idu a Abuja ba.

MaiWaya_Central:
Ko ta ina ka bi dai ka taho min da caja guda biyu masu kyau, zan turo maka hoton irin wadda nake so.